Manyan injekta a injin mota: dalilin da ya sa dole a sake saita kwamfuta, da yadda ake yi

A garejin makanikai daga Kwatano har zuwa Garwa akwai wata shawara da ake yawan bai wa masu motoci: in ana son mota ta ƙara ja, a cire injektocinta na asali a ɗaura masu zubar da mai da yawa. Mai mota ya biya, a ɗaura, a tayar. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo da kuka, mota na fitar da baƙin hayaƙi, tana mutuwa a danja, man da ke yi masa mako guda yanzu kwana huɗu ya ƙare. Ƙarfin da aka yi masa alkawari kuwa babu shi.

Sau da yawa injektocin lafiyarsu ƙalau. Matsalar ita ce an canza su ba tare da an sanar da kwamfutar motar ba. Kuskuren yana da tsada, musamman tun bayan da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lamarin da ya ɗaga farashin man da ake sayarwa a kwalabe a maƙwabta, wanda ake kira “kpayo” a Benin da “zoua-zoua” a arewacin Kamaru. Bayan asarar mai, akwai ta inji, wadda ta fi ciwo.

Kwamfuta lokaci take ƙirgawa

Injekta, wanda makanikan Najeriya ke kira nozul, na ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma anjektar, wani ɗan bawul ne mai aiki da lantarki. Famfo na turo masa fetur da matsi, shi kuma yana nan a rufe har sai kwamfuta ta aiko masa da wuta, sai ya buɗe ya fesa mai ya koma ya rufe. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara yaɗa wannan tsari a 1967 a cikin motar Volkswagen 1600, sannu a hankali har ya ture kafireto daga sababbin motoci.

Kwamfutar, wadda wasu ke kira ƙwaƙwalwar mota ko kalkilatar, ba ta ganin man da ke fita. Iska take aunawa, ta hanyar sensar da ke kan bututun shigar iska ko wadda ke auna matsin iskar, sannan ta lissafa man da ya dace. A fetur, gaurayen da ke ƙonewa tas shi ne giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. Daga nan sai ta mayar da wannan adadi zuwa lokaci, wato milisakan nawa za a bar injekta a buɗe. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A silo, ko ralanti, buɗewar kan ɗauki milisakan 2 zuwa 3 kacal.

Wannan lissafi ya dogara ne da wata lamba da kamfani ya rubuta mata tun a masana'anta, wato yawan man da injektan ke zubarwa a minti guda idan an bar shi a buɗe. Ana rubuta lambar da cc, wato mililita, kuma galibi a matsin bar 3 ake gwada ta. Kayan da suka fito daga Amurka kan zo da ma'aunin fam a awa, inda fam 1 a awa ya yi daidai da kusan cc 10.5 a minti.

Abin ya yi kama da mai sayar da ruwa da ya saba ƙirga goma ya rufe famfo don jarka ta cika. Ran da aka canza masa famfo zuwa mai faɗin baki ba a gaya masa ba, goman zai ƙirga, ruwa kuma ya malale.

Abin da ke faruwa idan ba a yi saiti ba

A ɗauki misalin inji mai silinda huɗu da ya zo da injekta masu cc 240, aka ɗaura masa masu cc 440. A lokacin buɗewa iri ɗaya, man da ke shiga ya ƙaru da kusan kashi 83 cikin ɗari. Gaurayen da ya kamata ya tsaya a 14.7 sai ya faɗo zuwa kusan 8. Wani injin ma ba zai tashi ba, domin fulogi, wato buji, za su jiƙe da mai.

Kwamfuta na da hanyar gyara kanta. A cikin salansa akwai sensar oksijin, wadda ake kira lambda, wadda Bosch ya fito da ita a 1976 aka fara saka ta a motocin Volvo. Ita ke shaida wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kwamfutar kuma ta rage ko ta ƙara. Sai dai wannan gyara na da iyaka, a yawancin motoci kimanin kashi 25 cikin ɗari ne. An tanade shi don tsufan inji da ɗan bambancin mai. A misalin da ke sama sai an rage lokacin buɗewa da kusan kashi 45, abin da ya zarce wannan iyaka nesa. Daga nan fitilar inji za ta kama, na'urar bincike kuma ta nuna lambar P0172, wadda ke nufin mai ya yi yawa.

Akwai kuma lokutan da kwamfuta ba ta sauraron sensar sam: lokacin tayarwa, lokacin da inji bai yi zafi ba, da lokacin da aka taka totur har ƙasa. A waɗannan lokuta da lambobin da ke rubuce a cikinta kawai take aiki, ke nan kuskuren zai fito.

Man da bai ƙone ba yana ɓarna ta hanyoyi uku. Yana wanke baƙin man da ke shafe a bangon silinda, sai zoben fistin ya riƙa gugar ƙarfe a bushe. Yana gangarawa cikin kaskon baƙin mai ya tsinka shi, har a ga geji ya hau maimakon ya sauka, ana jin warin fetur a jikinsa. Sannan yana wucewa salansa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke wa laƙabi da indomi, ya narkar da saƙar da ke ciki har ta toshe. Ƙarshen wannan hanya shi ne inji ya fara shan baƙin mai, ko ya buga.

Wa ke buƙatar manyan injekta?

Ƙarfin inji daga iska yake farawa. Mai ba ya ƙonewa sai da oksijin, don haka injin da iskar da yake shaƙa ba ta ƙaru ba, ƙarin mai ba zai amfane shi da komai ba. Manyan injekta na da amfani ne idan an yi wani aiki da ya ƙara iska sosai, kamar ɗaura turbo ko ƙara matsinsa, ko kuma idan za a koma man da aka gauraya da barasar etanol mai yawa. Man E85, wanda ake sayarwa a gidajen mai da dama a Faransa da Amurka, yana buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari a kan fetur.

Akwai lissafin da ke nuna ko na asalin sun gaza. A inji mai bugu huɗu, kowane silinda na karɓar mai sau ɗaya ne a juyi biyu. A juyi 6,000 a minti, hakan na nufin milisakan 20 ne kawai tsakanin fesawa da fesawa. Ƙa'idar masu saiti ita ce kada injekta ya wuce kashi 80 zuwa 85 na wannan lokaci a buɗe, wato milisakan 16 zuwa 17. In ya wuce haka ba ya samun sararin rufewa da kyau, kuma kwamfuta ba ta da sauran abin da za ta ƙara. Na'urar bincike mai kyau na nuna lokacin buɗewar yayin da mota ke tafiya. Idan a cikakken totur bai kai wannan iyaka ba, injektocin sun wadatar.

A ƙiyasin da aka saba, injekta huɗu masu cc 240 na iya ciyar da inji mai ƙarfin doki kusan 145. Masu cc 440 kan kai inji mai turbo kusan doki 220. Saboda haka wanda injinsa ke ba da doki 120 kuma bai taɓa shi ba, ba shi da abin da zai yi da cc 440. Ko wanda ke buƙatar ƙari, abin da ya dace shi ne ya zaɓi girman da ya ɗan zarce buƙatarsa, domin yawan girma na da tasa matsalar, kamar yadda za a gani.

Lambobin da ake gyarawa

Ta farko ita ce lambar yawan zubarwa. A kwamfutocin da ke da gurbinta, ana goge 240 a rubuta 440. A waɗanda ba su da shi, ana ninka lokutan da ke jadawalin mai da tsohon girma a kan sabo, wato 240 a raba da 440, wanda ya ba da kusan 0.55. Amma sai an san ainihin matsin mai na motar. Zubar injekta na ƙaruwa da matsi, ko da yake ba kai tsaye ba: daga bar 3 zuwa bar 4 ƙarin kusan kashi 15 ne. Injektan da aka rubuta masa 440 a bar 3, kusan 508 zai zubar a motar da ke aiki da bar 4. Wanda ya rubuta 440 a irin wannan mota ya fara da kuskure.

Ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce jinkirin buɗewa. Idan wuta ta iso injekta, allurar da ke ciki ba ta ɗagawa nan take. Akwai ɗan lokaci, galibi tsakanin rabin milisakan zuwa milisakan ɗaya, da ke wucewa babu mai. Kwamfuta na ƙara wannan lokaci a kan lissafinta, kuma kowane samfurin injekta da nasa.

Ga yadda wannan ɗan lokaci ke rikita saiti. A ce a silo tsohon injekta na buɗewa milisakan 2.5, daga ciki 0.9 jinkiri ne. Ainihin lokacin zubar mai ke nan 1.6. Shi kaɗai ya kamata a ninka da 0.55, a samu kusan 0.9, sannan a ƙara jinkirin sabon injektan. In shi ma 0.9 ne, jimilla 1.8. Wanda ya ninka 2.5 gaba ɗaya zai samu kusan 1.4, jinkiri ya cinye 0.9, saura 0.5. Injin zai samu kusan rabin man da yake buƙata, ya riƙa karkarwa yana mutuwa, alhali a babban gudu lafiya yake tafiya, domin a can milisakan ɗaya ba ya yin tasiri sosai.

Jinkirin kuma yana bin ƙarfin batir. A volt 14, lokacin da inji ke caji, gajere ne. Idan wuta ta sauka zuwa volt 10 ko 11, kamar lokacin da ake murza makulli, sai ya tsawaita sosai. Shi ya sa ake shigar da shi a jadawali, kowane matakin wuta da lambarsa. Kamfanonin da suka san aikinsu na haɗa injekta da takardar da ke ɗauke da wannan jadawali. Injektan da aka saya babu takarda, babu lambar samfurin da za a iya bincikawa, zai sa mai saiti lalube cikin duhu.

Ta uku ita ce halin injekta a gajeren lokaci. Babban injekta a ƙaramin inji dole ya buɗe na ɗan mitsitsin lokaci a silo, kuma a wannan yanki allurar na iya komawa tun ba ta gama ɗagawa ba. Man da ke fita sai ya bambanta daga fesawa zuwa fesawa, daga silinda zuwa silinda. Wasu kwamfutoci na da jadawalin gyara wannan. Inda babu, mafita ita ce injektan da bai wuce kima ba.

Sai kuma jadawalan da wasu kwamfutoci ke ajiyewa daban: man tayarwa, ƙarin man da ake bai wa inji mai sanyi, da ɗan ƙarin da ake fesawa idan an taka totur farat ɗaya. In lambar farko ba ta shafe su ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani gwaji na minti guda da ya kamata a yi tun kafin a ɗaura: a auna turjiyar injektan da mita. Yawancin motoci na amfani da masu ohm 12 zuwa 16. Akwai masu ohm 2 zuwa 5, waɗanda ke jan wuta mai yawa. In aka haɗa su da kwamfutar da ba a ƙera don su ba, suna iya ƙona sashen da ke kunna su, kuma kuɗin kwamfuta ya ninka na injekta.

Yadda ake tabbatar da saitin

Lissafi mafari ne, awo ke yanke hukunci. Sensar lambda ta tsofaffin motoci na lilo ne tsakanin volt 0.1 da 0.9, tana nuna ɓangaren da aka karkata kawai, ba ta faɗin nisan karkatar. Mai saiti na buƙatar sensa mai faɗin awo, wadda ke nuna ainihin lambar gaurayen.

Ana farawa da goge gyare-gyaren da kwamfuta ta koya a baya. A tayar, a bar inji ya yi zafi, sannan a kalli lambobin gyaran mai guda biyu, na nan take da na dogon lokaci. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, duk suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin motocin da ke sauka a tashoshin Kwatano da Lome daga can suke. Ƙaramar na'ura irin ELM327 da wayar hannu sun isa a karanta waɗannan lambobi. Abin da ake nema shi ne jimillarsu ta tsaya kusa da sifili, kada ta wuce kashi 5 sama ko ƙasa.

Yadda kuskuren ya bazu na nuna inda yake. Idan kashi ɗaya ne a silo da kan hanya, lambar yawan zubarwa ce ba daidai ba. Idan ya yi yawa a silo amma ya ragu da aka ɗauki gudu, jinkirin buɗewa ne. Idan lambobin sun motsa da zarar an kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, jadawalin wutar batir ne ke son gyara.

Cikakken totur shi ne na ƙarshe, kuma nan ne haɗari yake. A nan ba a neman 14.7. Injin da ba shi da turbo kan so 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma 11 zuwa 12, domin ɗan rarar man na sanyaya ɗakin ƙonewa. Mai saitin da ya tsorata da baƙin hayaƙi ya rage mai fiye da kima zai faɗa ɗaya ramin. Ƙarancin mai a cikakken nauyi na haddasa zafi da wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda cikin 'yan sakanni take iya huda fistin. Da an ji ta, ko an ga lamba na hawa, a ɗaga ƙafa. Ana yin gwajin ne mataki-mataki, mutum ɗaya na tuƙi wani na kallon na'ura, a hanyar da babu jama'a. A nan ne kuma ake gane ko famfon mai na iya ciyar da sababbin injektocin, domin in matsi ya faɗi a babban gudu, duk lissafin ya rushe.

Zafi, ƙura da man bakin titi

Fayilolin saiti da ake saukewa daga intanet an yi su ne da man gidajen man Turai ko Amurka, a yanayi mai sanyi. A Injamena ko Marwa zafin watan Afrilu na haura digiri 40, kuma iska mai zafi na saurin jawo waccan ƙara. Man kwalba ba a san ingancinsa ba, wani lokaci ma an gauraya shi. Don haka a yi saiti da man da motar za ta riƙa sha kullum, a kuma bar mata rata, kada a kai ta gejin ƙarshe. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska ta kuma ɓata sensar da ke auna ta, saitin da aka yi a kan sensa mai datti kuwa zai karkace ran da aka wanke ta. A gyara waɗannan tukuna. Motar da ke zirga-zirga tsakanin gaɓar teku da tudu irin na Ngaundere, mai tsayin sama da mita 1,000 inda iska ta ragu da kusan kashi 10, ya kamata a sake duba lambobinta a can.

Idan kwamfutar ba ta buɗuwa

Ba kowace kwamfuta ake iya sake rubuta wa lambobi ba. Wasu na da manhajojin da aka sani, kamar Hondata ga wasu motocin Honda. Wasu sai an ɗora musu wani akwati a tsakani, ko a maye gurbinsu da kwamfuta mai zaman kanta irin Haltech ko MegaSquirt, aikin da ke cin kuɗi kuma yake buƙatar gwani. Dabarar rage matsin mai don a danne manyan injekta ba ta kai ko'ina, domin rage zuba da kashi 45 na nufin sauke matsi daga bar 3 zuwa ƙasa da bar 1, inda feshin zai koma ɗiga. In babu hanyar saiti, a mayar da na asali.

Da yawan masu motoci ma ba su san an saka musu manyan injekta ba. A kasuwar kayan gyara na hannu, injektocin injina daban-daban na kamfani ɗaya kan yi kama, su shiga gurbi ɗaya, soket ɗaya, alhali zubarsu ta bambanta. Araha ba ta ado: a dubi lambar da ke jikin injekta a gwada da ta asali, kuma kada a gauraya iri biyu a inji guda. Motocin dizal na zamani kuwa nasu tsarin daban ne, yawancinsu kowane injekta na zuwa da lambarsa da ake shigar wa kwamfuta ko da girmansa ɗaya da wanda aka cire.

Kafin mai mota ya amince da wannan aiki, yana da haƙƙin jin amsar tambayoyi huɗu daga makanikinsa. Me aka ƙara wa injin da ya sa na asalin suka gaza? Cc nawa ne sababbin, kuma ina jadawalin jinkirinsu? Da wace na'ura za a rubuta wa kwamfuta, da wacce za a auna? An kwafe saitin asali an ajiye? Ranar aikin kuma a sauke matsin mai a cire kan batir kafin a kwance, a saka sababbin robobin baki, a duba yoyo kafin a tayar, domin fetur a kan inji mai zafi gobara ce. In motar ta riga ta yi kwanaki tana shan mai fiye da kima, a canza baƙin mai da fulogi kafin a sake hawa hanya.